Na Yi wa Talabijin Sallama

Daren Laraba, Tudun Wada

Yau kaina ya ɗaure. Wai akwai manhajar waƙoƙi a cikin sabuwar talabijin ɗin da 'yata Hadiza ta aiko min. Ta waya ta yi ta min kwatance: "Inna, ki danna mai alamar kiɗa." Har uku na gani masu alamar kiɗa! Da ƙyar na shiga ɗaya.

Sai ta ce in danna maɓallin magana a rimot, in faɗi abin da nake so. To ni ban saba roƙon abu ba sallama ba. Ina cewa "Salamu alaikum, don Allah," talabijin ta jero min wa'azi. Hadiza har da shaƙewa don dariya.

"Sunan waƙar kawai za ki faɗa, Inna."

Waƙar da mijina, marigayi Malam, yake sawa a kaset duk safiyar Asabar yana goge takalmi, ita nake nema. Na rera amshinta sau biyu a bakin rimot, talabijin ba ta gane ba.

Shekara talatin ina jin waƙar nan a gidan nan, ban taɓa tambayarsa sunanta ba.