Ramin Tuta a Ƙofar Gidanmu

Cedar Bend, Kansas
3 ga Yuni, 2012

Zuwa ga yayana Garrett,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙaninka Colby, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokin zamanka Ruben, ya kuma sa albarka a aikinka na asibiti can Portland. Mu nan lafiya lau, sai kewa. Mama tana fama da gwiwarta kamar yadda ka sani, idonta na hagu kuma ya ƙara dushewa, yanzu duk takardar da ta zo ni nake karanta mata, ka kuwa san karatun nawa, sai mu yi ta lalube ni da ita. Gwaggo Nadine ta samu jika na huɗu, mace. Alkama ta yi ja da wuri bana, ana shirin girbi, saboda haka a shagon faci ba mu da sukuni, kowa tayar taraktarsa ce ta fi gaggawa. Karenka Duke ya tsufa, ba ya jin kira, amma har gobe in mota ta tsaya a ƙofar gida sai ya ja jiki ya je ya duba ko waye.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna. A waya in ka kira, daga maganar ruwan sama sai ta gwiwar Mama, sai mu yi shiru muna jin numfashin juna, sai ka ce ana kiranka. Bakina yana da nauyi, Yaya, hannuna ma haka, amma takarda tana jira na. Yau kwana uku ke nan ina rubuta wannan a lokacin cin abincin rana.

Maganar ramin tuta ce. Ka tuna shekarar da kake da sha biyar, da kai da Baba Virgil, shugabanku na 'yan sikawut, kuka bi layinmu gida-gida kuna haƙa rami a ciyawar ƙofa, kuna kafa guntun bututu a cikin siminti? Tun daga lokacin tsarin bai canja ba. Mai gida ya biya kuɗin shekara, duk ranar hutun ƙasa yara su zo da sassafe su soka tutar ƙasa a ramin, da yamma su dawo su cire, kuɗin kuma da shi ake kai su zangon daji da rani. Namu ramin shi ka haƙa na ƙarshe, ka zana harafin farko na sunanka da ƙusa kafin simintin ya bushe, Babanmu ya yi ta faɗa wai ka ɓata aiki.

Ba sai na tuna maka abin da ya biyo baya ba, amma zan faɗa sau ɗaya, don ban taɓa faɗa da bakina ba. Kana da ashirin da uku, kana mataimakin Baba Virgil, ka gaya wa mutane gaskiya cewa kai namiji kake so, ba a yi wata biyu ba takarda ta zo daga hedikwata cewa irinka ba ya jagorancin yara. Ka tattara ka bar garin. Da ka dawo jana'izar Babanmu shekara huɗu da suka wuce, ta faɗo a makon tunawa da sojojin da suka rasu, ka sauko daga mota ka tarar da tutarsu tana kaɗawa a ramin da ka haƙa da hannunka. Ina tsaye kusa da kai ka ce, a hankali, ashe har yanzu muna biyan su. Ban ce komai ba. Ka kwana ɗaya ka tafi, ba ka sake takowa ba. Na daɗe ina juya maganar nan, kamar yadda nake juya taya cikin ruwa ina neman inda take fitar da iska.

To bana da katin sabunta biyan ya zo, Mama ba ta iya karanta shi ba, sai ta miƙo mini ta ce in ji da shi. Na manna shi a jikin firji, ya yi mako uku ina wuce shi. Gwaggo Nadine ta gan shi ran Lahadi bayan coci, ta ce me nake jira, ko sai tutar ta zo ta roƙe ni da kanta? Da na gaya mata abin da ke raina, sai ta ajiye cokali. Ta ce, Colby, kai da ko jarida ba ka gama shafi guda, yau kai ne za ka gyara dokar ƙasa? Ta ce kuɗin nan ba aljihun manyan hedikwata yake shiga ba, tanti ne da abincin yaran garin nan, ciki har da jikanta, kuma wanne daga cikinsu ya rubuta wa Garrett takarda? Ta ce in ina fushi da masu manyan kujeru in je in same su, in bar ƙananan yara su ci abincinsu.

Don ka sani, ni ba ƙin ƙungiyar nake yi ba. A makaranta ni ne na bayan aji, wanda malamai suke tsallakewa in ana tambaya. Wuri ɗaya tak aka taɓa kiran sunana a gaban mutane a tafa mini, shi ne zangon daji, ranar da na hura wuta da jiƙaƙƙen icce kowa ya kasa. Kai ka koya mini. Duk ƙullin igiyar da na iya, daga hannunka na ɗauka. Shi ya sa abin ya tsaya mini a rai: wurin da ya mai da ni mutum, shi ne ya ce kai ba ka isa ba.

Ana saura kwana biyar hutun tunawa da sojoji sai ga Baba Virgil a shago, ya kawo tayar tirelar da suke ɗaukar tutoci. Ya tsufa sosai. Ya zauna a benci yana kallona ina aiki, can ya ce bai ga katinmu ba, ko ya ɓata ne a gidan waya? Na ce yana jikin firji. Sai ya ce, ɗana, ba ni na kafa dokar nan ba, daga sama take, kuma ranar da takardar ta zo sai da na yi hawaye, don a shekara talatin ban samu yaro kamar yayanka ba. Na yarda da shi, ka san ba ya ƙarya. Sai na yi masa tambaya ɗaya. Na ce in Garrett ya zo gobe, za ka bar shi ya hau motar nan ya raba tuta tare da yara? Ya daɗe yana kallon tayar kamar amsar tana rubuce a jikinta, sannan ya ce dokar ba ta canja ba. Na gama facin, na yi shi da kyau, ban yi masa ha'inci ba, na ɗora masa a mota. Sai na ce ran Litinin kada su tsaya a ƙofarmu.

Ran Litinin ɗin ina bayan labule da kofin shayina tun ƙarfe shida. Motar ta shigo layi a hankali, yara suna dira suna soka tuta suna komawa. Da suka zo daidai gidanmu, ɗaya ya diro da gudu don sabo, har ya kai bakin ramin, sai aka ƙwala masa kira daga mota. Ya tsaya da tutar a hannu yana kallon tagarmu, bai gane laifin da gidan ya yi ba, sannan ya juya. Wannan kallon ya fi maganar Gwaggo Nadine zafi. Kafin ƙarfe bakwai layin ya cika, gida goma sha shida, tuta goma sha biyar, namu a tsakiya kamar giɓi a baki. Ban taɓa lura da ƙarar da tutoci suke yi a iska ba sai ran nan da babu tamu.

A maƙabarta, muna ajiye fure a kabarin Babanmu, da yake shi ma tsohon soja ne, tsoho Dwight na ƙungiyar tsofaffin sojoji ya matso ya ce gidan soja guda ba tuta a rana irin ta yau, da ubanku yana raye da kunya ta kashe shi. A shago kuma Lonnie abokin aikina ya samu abin yi, kullum sai ya ce, Colby, yaushe za mu raka ka tasha, ko kai ma Portland ɗin za ka, mu haɗa maka kuɗin jan baki? Sauran su yi dariya. Ba wanda ya yi faɗa da ni sosai, ka san garinmu, ba a faɗa, janyewa ake yi. Inna Opal ta tsallaken titi, wadda ba ta taɓa bari na wuce ba ta ɗaga hannu ba, yanzu in ta hango ni sai furanninta su buƙaci ruwa. Abincin rana a cikin mota nake ci ni kaɗai, nan ne ma nake rubutun nan, takardar a kan sitiyari, ka yi haƙuri da layukan.

Mama na fi jin tsoro. Kwana biyu ba ta ce uffan ba, na ɗauka fushi take yi. Ran Laraba sai na karaya, na je kanti na sayo tuta da sandarta, da niyyar ranar huɗu ga Yuli, ranar bikin 'yancin ƙasa, in soka da kaina, bakin mutane ya mutu. Na shigo da ita Mama tana zaune a kicin, ta miƙa hannu ta shafa, ta ce mene ne wannan? Da na gaya mata, sai ta ce in na soka ta kowa zai ɗauka mun biya ne, duk abin da na haɗiye a makon nan ya tashi a banza. Ta ce shekara bakwai tana biya ba don tana so ba, tsoron giɓin nan take yi, kuma duk ranar da aka kafa tutar ta ƙofar baya take fita don kada ta gan ta. Ni da nake ganin ba abin da ke wuce ni a gidan nan, ban taɓa lura ba. Sannan ta ce in kai tutar ɗakinka in jingine bayan ƙofa, wanda ya haƙa ramin shi zai cika shi. Har na juya zan tafi sai ta ce, in ka rubuta masa ka tambaye shi, shi Ruben ɗin me yake ci, me ba ya ci. Yaya, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba sai ran nan. Da, abokin nan nasa take cewa.

Ba na yaudarar kaina. Mutanen hedikwata ba su san da layinmu ba, kuma wataƙila bana wani yaro ya rasa wani abu a zango saboda ni, wannan yana damuna, kuma zai ci gaba da damuna. Ban san ko na yi daidai a wurin kowa ba. Abin da na sani shi ne ranar jana'iza ka yi magana na yi shiru, wannan ita ce amsata, ta makara shekara huɗu.

Saura wata ɗaya huɗu ga Yuli. Ka zo, ku zo ku biyu. Zan ɗauko ku a filin jirgi, na wanke mota, zan gasa nama da masara a bayan gida ko da mu huɗu ne kawai da Duke. In ba za ka iya ba, ba zan yi fushi ba, na iya jira, ka san ni. Tutar za ta zauna bayan ƙofarka, ramin kuma zai zauna wayam, layin duka su gani. Jiya na durƙusa na kwashe ƙasar da ta cika shi, na kankare ciyawar da ta rufe simintin. Harafinka yana nan, bai goge ba.

Mama tana gaishe ka, tana gaishe da Ruben da sunansa. Gwaggo Nadine, duk da ba ta huce da ni ba, ta ce in gaishe ka, wai ka turo hoto ta ga ko ka yi ƙiba. Kawu Merle da iyalinsa suna gaisuwa. Allah ya tsare ka, ya kawo ka gida lafiya.

Ni ne ƙaninka mai duban hanya,
Colby