Na hana wana hawa motona don ya rame, yau ciwon yana jikina

Hajiya Batulu, don Allah ki taimake ni da shawara, ni kam dabara ta ƙare mini. Ki sakaya sunana. Ni ɗan kabu-kabu ne, shekara goma sha ɗaya ina jigila tsakanin Gazawa da Gangara da ƙauyukan bakin iyaka. Makarantar lakol a aji huɗu na tsaya, ki yi haƙuri in na yi ta zagaye.

Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya Nomau. Tun muna yara shi mai jiki ne, ni kuwa siriri kamar karan dawa. Kwano ɗaya muke ci, sau da yawa ma na fi shi loma, amma shi ke cika riga. Shekara huɗu da suka wuce aka auna shi a likita, aka ce ciwon sukari ne. Ranar da ya dawo da labarin, kafin kowa ya yi masa sannu ni na fara buɗe baki, na ce ai da ma, mai irin wannan tumbi me yake jira. Aka yi dariya. Daga nan gida ya ɗauka. In ya miƙa hannu ga fura sai a bi shi da ido, in ya ƙara tuwo sai wani ya yi gyaran murya. A fadarmu, inda muke shan shayi da la'asar, na laƙaba masa suna Buhu, sunan ya bi shi har kasuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar moto, wato babur ɗina. Gonarmu ta gado tana da nisa da gari, kuma kullum ni ke kai shi. Sai na yanke ba zan ƙara ɗaukarsa ba, ya taka da ƙafa kitsen ya narke. Wallahi a raina gyara nake yi. Na sha tarar da shi a hanya da rana tsaka yana tafe yana haki, in danna masa oda in wuce, bayana babu kowa. A girbin bara waccan ya taka kututturen gero, ya huda takalmin robarsa ya shiga tafin ƙafa, bai ma ji ba. Da ya ga ciwon sai ya ɗaure da tsumma ya yi shiru, don ya san in ya faɗa za mu ce ragwanci ne, dalilin zama yake nema. Sati uku yana takawa a kai. Matarsa Asta ce ta fara jin wari. Da aka kai shi Maradi sai da aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ko a ƙofar asibitin, Allah ya yafe mini, cewa na yi wa mutane ci ne ya ja masa.

Yanzu yana zaune a zaure yana tufkar igiya. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Bai taɓa yi mini gori ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi.

To Hajiya, tun bayan ƙaramar salla ƙishirwa ta sa ni gaba. Tsakanin Gazawa da Gangara sai in tsaya sau uku in zagaya, fasinja na jira. Na ƙara ramewa har wando na zamewa. Matata Latifa ta tsorata, ta shiga yi mini kiwo, fura da sukari safe da yamma, kunu da madarar gwangwani. Na je likitar wani gari inda ba a san ni ba, aka soki yatsana. Majo, wato malamin jinyar wurin, ya ce sukari ne, kuma ya hau sosai. Na yi gardama, na ce ya dube ni da kyau, ina kitsen yake. Ya sa na dawo wata rana ban karya kumallo ba, ya sake aunawa, magana ɗaya.

Wata biyu ke nan. Karnen likita, wato katin asibiti, da ƙwayoyin da aka ba ni suna ƙarƙashin kujerar moto, in na tuna in sha a ɓoye. Furar Latifa ina shanyewa don kar ta tambaya. A fada ni ke dafa shayi, mai dafawa kuwa ba ya ƙin kofi, na fari da na biyu da na uku. Gari ya fara raɗa cewa irin cutar nan ce da ba a son faɗa ta ramar da ni, na kuma ƙyale su, don na fi jure wannan da in tsaya gaban Yaya Nomau in ce abin da na yi masa dariya a kai yana jikina. Gani ya fara yi mini dishi-dishi. Shekaranjiya saura kaɗan in afka wa amalanke, da mace mai goyo a bayana. Tsoro nake ji, kunya nake ji. Ina zan sa kaina?

Ɗan kabu-kabu, Gazawa

Ƙanena, sannu. Allah ya ba ka lafiya, kai da wanka.

Zan fara da abin da ba ya jira. Ka daina ɗaukar fasinja har a duba idonka. Matar nan da jaririnta ba su san komai game da kunyarka ba, bai kamata su mutu saboda ita ba. Ka koma wurin majo cikin satin nan, ka faɗa masa gaskiya cewa maganin sai ka tuna kake sha, ka faɗa masa zancen ido. Kuma yau, ba gobe ba, ka ciro karnen nan ka nuna wa Latifa. Baiwar Allah tana dama maka abin da ke cutar da kai da hannunta, tana ganin jinya take yi. Ga raɗar gari kuma, ai har ita take shafa.

Ba zan ce duk abin da ka yi tunani ƙarya ne ba. Ƙiba tana iya ƙara haɗarin wannan ciwo, tafiya a ƙasa kuma tana taimaka wa mai shi. Amma ciwon yana bin jini, yana kama siriri, yana kuma barin masu jiki da yawa lafiya lau har tsufa. Ku biyu ciki ɗaya kuka fito. Abin da ba ka sani ba, ciwon yakan kashe jin ƙafa, shi ya sa ake son mai shi ya sa takalmi rufaffe, ya riƙa duba tafinsa kowace rana. Rashin sani wannan, ana yafe shi. Buhu kuwa ba rashin sani ba ne, wulaƙanci ne, kuma shi ya rufe bakin wanka sati uku. Gaskiya ne shi ma da ya yi magana da wuri. Amma ga ka nan, wata biyu kana abin da ya yi, kai da ba wanda ya sa wa suna tukuna.

Ka je zauren nan ka zauna ƙasa kusa da shi. Ka fara da neman gafara, kar ka fara da ciwonka, kada ya zama tausayi ka zo nema. Yana iya yin shiru, yana iya fashe maka da abin da ya daɗe yana haɗiyewa. Ka ɗauka, hakkinsa ne. Ƙafar ba za ta dawo ba, ba ni da maganar da za ta sauƙaƙa maka wannan. Amma saura guda, kuma tana bukatar mai lura da ita. A fada ma, bakin da ya raɗa sunan shi zai kashe shi. Ka faɗa musu a fili abin da ke damunka, ka ware naka kofin kafin ka zuba sukari.

In ido ya daidaita, majo ya yarda ka koma aiki, ka tambayi ranar da ake auna masu sukari a likita duk wata. Fasinjanka na farko a ranar Yaya Nomau ne. Ka tsaya a ƙofar zaure, ka riƙe masa moto har ya hau, ka tafi a hankali.

Allah ya sassauta muku, ya daidaita tsakaninku.

Hajiya Batulu