Inci Tara

Ƙofar 'Yandaka, Katsina,
6 ga Agusta, 1999.

Zuwa ga ɗiyata Safara'u,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Alhaji Sammani da yara baki ɗaya. Yaya damina, yaya mutanen Kambarawa? Idan kin tambayi lafiyata, ko da yake na san ba ki tambaya ba, ƙafafun nan sun ƙi, idon hagu ma sai a hankali. Alhamdu lillahi a kowane hali.

Abin kunya ne uba ya rubuta wa ɗiyarsa wasiƙa alhali gari ɗaya suke kwana. Amma tun sadakar arba'in ɗin mahaifiyarki Binta, shekara huɗu ke nan, ba ki sake taka zauren nan ba. Tuwon Juma'a kike aiko mani ta hannun ɗiyarki Zulaihat, kamar yadda ake aika wa maƙwabci mara lafiya. Ina ci, ban ce ba na ci ba.

Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Yau amaryar tawa Zulaihat ta shigo babu tsokanar da ta saba, ko kuɗin cefane ba ta tambaye ni ba. Da na matsa, sai ta fashe da kuka. Ta ce kin karɓe takardar neman shiga jami'a kin kulle a akwati, kin rantse ba za ki bari ta rubuta injiniyan gine-gine a ciki ba, sai dai koyarwa, a nan cikin gari inda idonki zai riƙa ganinta. Ta ce ranar talatin da ɗaya ga wata ake rufe karɓa. Na taɓa aika wa mijinki a kan karatun yarinyar nan, ya ce shi kasuwa ya sani, magana tana hannunki. To ga ni na zo hannun naki.

Ko kin san abin da kika haifa? Da sojoji suka koma bariki, sabon kansilanmu ya yi alkawarin gyara lambatun lungun nan, wanda ke maido mana da ruwa cikin gidaje duk damina. Na ga farar hula sau biyu kafin waɗannan, ban ɗauki alkawarinsu bakin komai ba. Amma Zulaihat ta ɗauka. Ta aro tiyo mai garai-garai wurin magina, ta cika shi da ruwa, ita da wata ƙawarta suka bi lambatun gaɓa-gaɓa suna sa alama da alli a jikin bango, tun daga ƙofar gidan nan har bakin kwalbati. Ta dawo ta ce mani bakin da ruwa zai fita ya fi inda ya taso tudu da inci tara. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin safiyo, na ga maza masu takardu da ba za su iya wannan da na'ura a hannu ba. Ita da tiyon aro ta yi. Ɓarnar kuwa, kowa ya sani, ta Ɗanladi magini ce, Allah ya jiƙansa.

Irin wannan kan kike so ki rufe a akwati? Wa ya koya maki wannan mugunta? Ba a gidana ba dai. Buɗe akwatin ki ba ta takardarta. Umarni nake ba ki, ba shawara ba.

Ki gai da yara. Wassalam.

Mahaifinki,
Sada Safiyo.


Ƙofar 'Yandaka,
13 ga Agusta, 1999.

Safara'u,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ni ina nan yadda kika bar ni.

Amsarki ta iso. Na karanta sau uku da tabarau, don na zaci idona ne ke yi mani ƙarya. Layi goma sha ɗaya, babu ko "Baba" a ciki. Rubutunki dai bai canza ba, har yanzu yana tsaye kamar an ja shi da rula.

Kin ce a gidana kika koya. Kin ce ba za ki bari ɗiyarki ta yi shekara biyar tana wahala, ta fito ta faɗi gaskiya a gaban maza, a ce mata ta rufe baki ta koma madafa ba. Kin ce gara ta tsaya inda ba wanda zai kunyata ta. Sannan kika tono maganar shekarar 1969, wadda na zaci an binne ta tare da waɗanda suka gan ta.

To bari in tuna maki, tunda ƙwaƙwalwarki ta zaɓi abin da take riƙewa. Shekararki goma sha uku. Na sa ki kwafe mani alƙaluman awon lambatun nan cikin littafi mai tsabta saboda hannunki ya fi nawa kyau. Kwafa na ce, ban ce ki duba ba. Sai kika fito zaure, gaban Ɗanladi da leburorinsa da abokan aikina biyu, kika ɗaga littafi kina cewa lissafin Baba bai rufe ba. Wane uba ne zai haɗiye wannan a wancan zamani? Na tsawata maki, haka ne. Na ɗaga hannu, ban musa ba. Tarbiyya ce. Da na hana ki tafiya sakandare a shekarar da ta biyo, na tura yayanki Usman, abin da kowa ke yi na yi. Shi ɗin da na tura yana Ikko yana sayar da kayan mota, rabona da wasiƙarsa tun babbar Sallar bara. Wannan tsakanina da shi ne.

Yanzu ga sharaɗinki: wai in tara mutanen unguwa a zauren da na ƙaryata ki, in faɗa da bakina cewa kuskuren nawa ne, kafin ki buɗe akwati. Safara'u, ba ki da kunya? Ba ni da gona, ba ni da mota, matata tana ƙasa. Abin da ya rage mani a garin nan shi ne idan na dogara sanda na fita masallaci a ce ga Malam Sada Safiyo, wanda awonsa ba ya tashi. Shi kike so in tuɓe in ba ki, ina da shekara saba'in da bakwai? Ba zan yi ba. Ki riƙe fushinki a kaina, amma kada ki yanka ɗiyarki don ki nuna mani jini. Abin da kike zargina da shi, shi kike yi mata, kuma ke ba ki da uzurin zamani.

Saura kwana goma sha takwas.

Mahaifinki, ko kin so ko kin ƙi,
Sada.


Ƙofar 'Yandaka,
26 ga Agusta, 1999.

Zuwa ga Safara'u,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ke da maigida da yara, musamman Zulaihat. Wannan ta hannun ɗan kabu-kabu za ta iso maki, tare da ƙunshi ɗaya, tunda Juma'ar da ta wuce tuwo ya zo a hannun baƙo, yarinyar ba ta zo ba. Na gane saƙon. Ba ki bar mani kowa ba.

Ranar Asabar aka yi ruwan da kika ji. Ya shigo ta zaure kamar yadda ya saba, ya kai mani idon sawu a ɗaki. Na zauna bakin gado na ɗaga ƙafafu ina kallon takalmana suna yawo. Da mahaifiyarki na da rai, da tuni ta ɗaura zane ta ɗauki tasa tana kwarfewa. Damina ashirin da shida ta yi tana wannan, bayanta ya lanƙwashe a kai, ba ta taɓa tambayata komai ba. Tana tsaye bayan ƙyaure ranar da na mare ki. Ta ji abin da kika ce.

Ruwan ya taɓa akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, dole na jawo shi don in shanya takardu. Littafin yana ciki. Ba zan ce maki na manta yana nan ba.

Ke kin san ƙa'idar aikinmu, don ni na koya maki da bakina. Ba a rufe shafin awo sai an yi gwaji a ƙasansa: a tara awon baya, a tara awon gaba, a ɗebe wannan daga wancan, abin da ya fito dole ya yi daidai da bambancin tudu tsakanin turken farko da na ƙarshe. Idan bai yi ba, akwai ɓarna a tsakiya, sai a koma. A wannan shafin ban yi gwajin ba. Ina sauri, kuma na yarda da kaina. Ke kika yi shi da fensir a gefe. Na goge a ranar, amma kin danna fensirin da ƙarfi, sawunsa yana nan a jikin takarda. Na karkata shafin ga hasken taga na karanta da idon dama. A turke na shida na tara inda ya kamata in ɗebe. Inci huɗu da rabi, ya zama tara.

Ban gano wannan ranar Asabar ba, Safara'u. Na gano shi tun a 1969, kwana biyu bayan marin, kafin a zuba siminti ko buhu ɗaya. Da na gyara, da abokan aikina sun san yarinya ce ta kama ni. Sai na miƙa shi yadda yake. Ɗanladi ya gina abin da na ba shi, daidai, ko rabin inci bai kauce ba. Da ruwa ya dawo aka ce shi ne, aka daina ba shi aiki, ya koma yaɓen katanga a ƙauyuka har ya rasu. Na je jana'izarsa na tsaya a sahun gaba. Ke kuma ban hana ki sakandare don abin da kowa ke yi ba. Ba na son ganin ki da littafi ne.

Jiya Laraba bayan la'asar na aika aka kira mai unguwa, da liman, da kansila, da Muttaka ɗan marigayi Ɗanladi, da duk wanda ya ga dama. Zauren ya cika har waje, tabarmi ma ba su gama bushewa ba. Na faɗa masu abin da na rubuta maki a sama, ban rage ba. Na ambaci sunanki, na ce ɗiyata ce ta gano tana da shekara goma sha uku, jikata ta tabbatar da tiyo bayan shekara talatin. Liman ya yi ta jan carbi yana kallon ƙasa. Wani daga baya ya ce ashe shekara talatin ruwan Malam Sada muke sha, aka yi dariya, ba irin wadda ake yi da mutum ba. Muttaka kuwa ya tashi ya sa takalmansa ya fita, yau da asuba kuma ya canza sahu da ya gan ni. Yana da gaskiya.

Kada ki zaci na yi don ki ji tausayina, ko don na yarda da abin da kika yi. Har gobe ina cewa mugunta ce ki sa makomar yarinya a tsakanina da ke kamar ƙashi tsakanin karnuka. Kin ce za a ce mata ta rufe baki. Za a ce, ba shakka, irina ba su ƙare ba. Amma ruwa bai san namiji ba, bai san mace ba, gangara kawai ya sani. Na rufe bakinki, ruwan ya yi shekara talatin yana maimaita maganarki a cikin ɗakina. Ita idan ta samu takardar da na hana ki, ba sai ta jira ruwa ya yi mata shaida ba.

Littafin ne a ƙunshin. Shafi na arba'in da biyu. Na biya abin da kika yanka. Saura kwana biyar.

Ni ne,
Sada.


Ƙofar 'Yandaka,
3 ga Satumba, 1999.

Zuwa ga ɗiyata Safara'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun wayi gari lafiya. Ni ƙafafun sun ɗan sassauta, na kai masallaci yau. Masu gaishe ni sun ragu, amma an buɗa mani wuri a sahu.

Amaryata ta zo da tuwo, tun daga zaure take kiran tsohon ango ya fito ya biya bashin cefanen mako uku. Ta ce ranar Litinin ke da kanki kika saka mayafi kika raka ta aka miƙa takardar, kuma kin tsaya a kanta sai da kika ga ta rubuta injiniyan gine-gine harafi harafi. Ta ce da ma'aikacin ya tambaya ko an tabbata, kallo ɗaya kika yi mashi ya buga hatimi. Na san kallon. Saura jarrabawa, wannan kuma nata ne. Na ba ta rulata ta ƙarfe da littafin alƙaluma, ta ce sun tsufa kamar mai su.

Littafin awon ma ya dawo. Na juye ƙunshin ina neman wasiƙa, babu. Sai da na buɗe shafi na arba'in da biyu na ga kin sake rubuta gwajin a gurbinsa, a kan sawun fensirin, wannan karon da biro, kin gyara turke na shida, kin ja layi biyu a ƙasa, kin sa sunanki da kwanan wata. Na bi shi lamba lamba. Ya rufe.

Zulaihat ta ce kin ce ba za ki zo ba. Ban ce ki zo ba. Kansila ya ce bayan damina za a fasa lambatun daga turke na shida, idan ya cika alkawari ke nan. Zauren zai bushe. Ina faɗa maki ne kawai don ki sani.

Gishirin miyar yau ya yi yawa. Na cinye.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sada.