Gidan da Noboru Ya Zaɓa

Kakegawa, 3 ga Oktoba

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin da ya fara shigowa bai tayar miki da ciwon gwiwa ba.

Akwai maganar da ɗanki Noboru ya hana ni faɗa miki sai mun karɓi makulli. Kafin rasuwarsa mun kama gida cikin sababbin da aka gina bayan tashar jirgin ƙasa, inda gonar shayi take a da. Jiya mutumin kamfanin ya zo, ya kunna turare gaban hoton Noboru, sannan ya tambaye ni ko ina nan kan bakana, ko su mayar da tutar sayarwa. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

Akwai ɗaki a ƙasa, ba hawan bene. Naki ne. Ki zo mu zauna.

Surukarki,
Chiharu

*

Chiharu 'yata,

Na ga wasiƙarki. Gwiwa tana nan, ni ma ina nan.

Yaron nan da zurfin ciki! Bara na ce ku dawo ƙauye, ya ce, "Inna, wa zai zauna inda bas ke zuwa sau biyu a rana?" Na kife masa waya. Ban ƙara jin muryarsa ba har aka kira ni daga asibiti.

Ba zan zo ba. Da sauran ƙuruciyarki, ba ki da ɗa. Wane namiji ne zai cire takalmi a ƙofar gidan da uwar mamaci ke zaune? Mayar musu da abinsu.

Ki riƙa cin abinci.
Fusae

*

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa, ki gafarce ni in na yi musu.

Washegarin ranar da kika kife wayar ya ja ni ganin gidajen. A na huɗu ya kwanta a ƙasa cikin ɗakin nan, da kwat ɗinsa, mai tallar gidan na tsaye yana kallonsa. Na ce, "Tashi mana, kana ba mu kunya!" Ya ce so yake ya ga abin da za ki fara gani in kin farka. Ya ce, "Inna za ta ce duwatsun nan ba su kai na gida ba, amma za ta kalla."

Ni ba miji nake nema ba, Mama. Wanda zan yi hirar Noboru da shi nake nema.

Taki,
Chiharu

*

28 ga Nuwamba

Mama,

Ina gaisuwa. Na jira amsa, na buga waya ba a ɗauka ba, na ce to, amsar ke nan. Na sallama musu gidan, ina nan a ɗakin da nake haya a gidan bene. Wasu masu 'ya'ya biyu sun saya. Jiya na bi ta wajen, na hangi kekunan yara a ɗakinki. Ban tsaya ba.

Ki huta lafiya.
Chiharu

*

'Yata,

Daga asibiti nake rubuto miki, jiya maƙwabciya ta kawo mini wasiƙarki ta ƙarshe. Ina sauko da akwati daga kan kabad na faɗi, ƙashin ƙugu ya karye. Shirin tahowa wajenki nake yi a lokacin. Har na ninke kaya.

Likita ya ce na gama zama ni kaɗai, na kuma gama hawan matakala.

Ɗakin da kike haya, a hawa na nawa yake?

Fusae