Kyautar Anti Rabi

Laraba da dare

Tun ranar da aka rantsar da Baba, mahaifin mijina, a matsayin Babban Jojin jiha, gidan nan ya canza. Ya tara mu a falo ya ce, "Ko buhun dankali aka kawo, a mayar. Tun ina majistare ban ci na kowa ba, kada a ci da sunana."

Yau Anti Rabi ta unguwar Laranto, wadda nake hayar littattafai a wurinta, ta kawo min kashi na ukun labarin da na daɗe ina jira. Ta ce, "Amarya, kyauta ce, riƙe abinki." Sai da na raka ta bakin ƙofa ta ce shari'ar filin yayanta na gaban Baba ranar Litinin, ko zan ɗan sa baki.

Duk da haka na karanta babi huɗu, Allah Ya yafe min. In ta baza a kasuwa cewa gidan Joji sun karɓa fa? Littafi ne kawai, amma dankalin ma ai dankali ne kawai.

Ban san yadda masoyan da ke cikin labarin za su ƙare ba. Gobe da safe zan gaya wa Baba da bakina, in mayar mata da littafinta.