Shekara Huɗun da Likita Ya Ƙara Mini

Daga Sharja.

'Yata Nagwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya yara, yaya ƙafar gwaggonki Tafida? Ni lafiya lau, sai ɗan tari da safe.

Na ga gidan da nake so in saya, ki zo mu zauna. Ɗaki biyu ne a bene, tagarsa na kallon teku. Da la'asar nakan zauna a gindin ginin, in ji kamar kina kirana shan shayi daga sama.

Dillalin da ke nema mini rancen banki ya karɓi la'adarsa tun kafin a amsa. Jiya ya ce, "Baba Alhaji, banki ya ce ka tsufa, la'ada kuma ba ta dawowa." Warwaron marigayiya mahaifiyarki na sayar na biya shi. Kada ki damu.

Ba a rubuta haihuwata ba. Likitan ƙauyenmu ne ya duba haƙorana ya ƙiyasta shekaruna, ya ƙara mini shekara huɗu. Da za a gyara, wataƙila su amsa. Ki tambayi Tafida shekarar da aka haife ni, ita kaɗai ta rage da ta sani. Idan ta manta, kada ki yi saurin faɗa mini.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Ragab