Tsohon Bengal da Littafina

Talata, 14 ga Nuwamba, 2017

Gobe jarrabawar tarihi. In na faɗi, karatun nas sai baɗi. Na yi ta haddar yadda Ingila ta ci sarakunan Indiya da yaƙi, abin ya ƙi zama.

Yau tsohon nan ɗan yankin Bengal na Indiya da nake aikin jinyarsa a unguwar Parkchester ya ga littafina. Ya ce, “’Yata, a yaƙin nan mun fi Turawa sojoji. Kwamandanmu ne ya tsaya kallo don an yi masa alkawarin sarauta. Tun daga ranar Turawa ke naɗa mana sarki.” Daga nan ya ƙi cin abinci.

’Yarsa ta tambaye ni me ya ɓata masa rai, na ce ban sani ba. Ya Allah, kada su sallame ni.